Ɗakin da Surukina Ya Zana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa surukina rasuwa, mahaifin maigidana, wanda kowa a gidanmu yake kira Baba. Ya cika ana tsakiyar ɗibar tumatir, shi ya sa rabin waɗanda suka yi masa salla da laka a ƙafa suka zo, daga gona kai tsaye. Da aka dawo daga maƙabarta maza suka zauna a ƙofar gida, mata suka cika tsakar gida, ni kuma ina gefen surukata, Inna, muna amsa gaisuwa.

Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri?" sannan ta ɗago ta dubi idona. Na san abin da suke nema. So suke su ga ko na yi kuka.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce, "Allah sarki mai zane, ya huta." Ta kusa da ita ta ce, "Ya huta da ganin kangon nan dai," ta nuna tudun ƙasar da ke kusurwar gidan da haɓa. Wata baƙuwa da ba ta daɗe da aure a garin ba ta tambaya ko kangon mene ne, sai aka mintsine ta.

Tsohon maginin garinmu, abokin Baba tun suna yara, shi bai zauna cikin mutane ba. Gefe ya ja ya jingina da katanga. Aka kai masa abinci ya mayar. Na ji yana ce wa maigidana, "Duk garin nan babu wanda ya kai ni faɗa da ubanka. Yanzu da wa zan yi musu?"

Abin da ya sa na ɗauki biro kuwa, maganar wani saurayi ce da na tsinta ta bayan katanga. Cikin masu lodin kwandunan tumatir yake, ya biyo ubangidansa gaisuwa. Ya tambayi ɗan'uwansa, "Wai wannan ne tsohon da ya zana ɗaki ya faɗa wa jikarsa?" Aka ce masa shi ne.

Ni ce uwar yarinyar. Idan akwai wadda take da hurumin ta tuna Baba da wannan magana guda, ni ce. Amma na zauna da shi gida ɗaya shekaru, na san ya fi wannan magana yawa, ba na kuma son ta zama ita kaɗai ta rage.

Lokacin da aka kawo ni gidan daga Kura, ina koyarwa a firamaren ƙauyen, abin da na fara lura da shi a jikinsa shi ne fensir. Kullum akwai guntun fensir maƙale a gefen hularsa. Manomi ne, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani, bai taɓa zama a aji ba sai makarantar allo. Inna ce ta ba ni labarin yadda abin ya same shi. Zamanin da aka zo haƙa kanal, wato babbar hanyar ruwan noman rani, ya yi wa masu awo aikin riƙe sanda. A nan ya ga suna shimfiɗa wata ƙatuwar takarda a kan mota, duk gonakin garin suna ciki, har da tsamiyar bakin hanya. Ta ce ya dawo gida ranar ya kasa cin tuwo. Yana ta cewa, "Ashe ana iya ganin wuri kafin a yi shi."

Daga nan ya fara. Ba ya zana komai sai gida, kuma gidanmu ya fi zanawa: yadda yake, da yadda yake so ya koma. Takardar buhun siminti yake yankawa ya danne a ƙarƙashin tabarma har ta miƙe. Bayan tsohuwar kalanda ma ba ya tsira. Reza yake fiƙe fensir da ita, gefen allo ne abin jan layinsa, idan ya yi kuskure ya goge da yankin tsohon silifa. Bayan la'asar, in ya dawo daga ban ruwa, sai ya zauna a zaure ya miƙe ƙafa ɗaya, harshensa a ɗan waje kamar mai koyon rubutu.

Ba gwani ba ne, gaskiya. Ƙofofinsa sukan fi ɗakin tsayi. Wata rana ya zana rijiya ta kusa kai girman zaure, Inna ta leƙa ta ce, "Malam, a nan za mu riƙa wanka gaba ɗaya?" Ya yi dariya har da tari. Bai damu da a yi masa dariya ba. Ko maganar ɗaura akuya aka kawo masa, ko inda za a ajiye turmi, amsarsa ɗaya ce: "Bari mu gani a takarda tukuna." Har yaran unguwa sun ɗauka suna tsokanar juna da ita.

Ni da shi ba ma doguwar magana, kamar kowace suruka da surukinta. In na gaishe shi daga durƙushe, ya amsa yana kallon gefe, ya ce, "Malama, an tashi lafiya?" shi ke nan. Amma yana gani. Ɗakin girkina na farko ba shi da mafitar hayaƙi, kullum idona ja, ina shiga aji ina hawaye kamar an yi mini mutuwa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wata safiya na tarar da takarda a kan murfin tukunya an danne ta da dutse. Ɗakin girkina ne, an matsar da murhu jikin bango, an buɗe ƙananan ramuka a sama, har da ɗan dakalin da zan riƙa zama. A ƙasa ya rubuta da ajami: "In ya yi miki." Na aika masa da cewa ya yi. Shi da kansa ya kwaɓa ƙasar, ya bari sai da na tafi makaranta don kada in ji kunya. A ɗakin nake girki har yau.

Ba ni kaɗai ba. Akwai wata makauniya a bayan masallaci da take yawan tuntuɓe da dokin ƙofarta. Ya je ya zauna ya kalli yadda take shiga da fita, ya zana, ya sa aka sauke dokin ƙofar aka yi mata abin dafawa a jikin bango. Ta rasu tana sa masa albarka.

Sai na haifi 'yar farina. Ba zan rubuta sunanta ba, ban taɓa kiransa a gaban mutane ba tana raye. Haka aka tarbiyyantar da mu: 'yar fari ba ta uwa ba ce. Da aka yaye ta, ɗakin Inna ta koma. Ni nake dafa mata abinci, ni nake wanke mata kaya, amma in ta rugo ta rungume ƙafata a gaban mutane sai in janye in ce, "Je ki wajen kakarki." Wajen kakan nata ta fi zuwa. Yana ce mata Amarya, irin wasan kaka da jika, ita kuma tana ce masa tsoho mai fensir. Ita take riƙe masa yankin silifan.

A shekarun nan ne gidajen garinmu suka fara ciwo. Ruwan kanal ya kawo mana noman rani, amma ya shiga ƙarƙashin ƙasa ya zauna. Rijiyar da da sai an ƙara igiya, ta koma ana ɗiba da hannu. Gindin kowane bango ya yi duhu da danshi, wani farin abu kamar kanwa yana fitowa, in ka taɓa sai ƙasar ta zube kamar gari. Sauro kuwa ba rani ba damina. Tsofaffin ɗakunan Baba da Inna guda biyu suna manne da juna, duhu da wari, kuma yarinyar tana yawan zazzaɓi a cikinsu.

Baba ya zauna ya yi zanen da ya fi kowane zane nasa kyau. Ya cire bangon da ya raba ɗakunan biyu, suka zama ɗaki ɗaya mai faɗi. Ya buɗe ƙatuwar taga ta ɓangaren gabas, mai kallon gonakin shinkafa. Ya ce iska za ta riƙa shiga tana fita, danshi ya bushe, sauro ya rasa wurin ɓuya. Da kwano ya so ya rufa, da bulo a gindi, amma lokacin siminti da kwano sun yi tsadar da sai ɗan kasuwa. Sai ya ce a bar rufin ƙasa, a ƙaro azara masu tsawo.

Ranar da ya nuna wa magini, ina ɗakin girki ina jin su.

Magini ya ce, "Bangon tsakiyar nan shi yake ɗauke da rufin. Ka cire shi, ka kuma huda na gabas, me ka bar wa ɗakin ya tsaya a kai?"

Baba ya ce, "Azara za ta ɗauka. Duba nan, na jera su."

"A takarda ka jera su. Takarda ba ta shan ruwa, Malam."

"Kai dai abin da kakanka bai gina ba, ba ka ginawa."

"Kakana bai gina a kan ruwa ba. Kuma ni ba yaronka ba ne da za ka miƙo mini takardar siminti ka ce in bi."

Daga nan magana ta bar ɗaki ta koma kan tsofaffin abubuwa, har da wata gardamar iyakar gona da suka yi tun ba a haife ni ba. Magini ya kaɗe rigarsa ya fita. Maigidana ya gwada sa baki da yamma, Baba ya ce masa, "Kai ma ka zama magini?" Maigidana ya bar maganar. Aka ɗauko wasu samari daga wajen Garun Mallam suka yi aikin da rani.

Ɗakin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Mutane har zuwa kallo suke yi. Ni daga bakin ƙofa kawai na taɓa leƙa shi, don ɗakin suruki ba wurin zaman suruka ba ne. Na ga haske har ƙasan daɓe, na ji iska. Na ji daɗi a raina cewa 'yata za ta riƙa kwana a nan.

Daminar da ta biyo baya ta zo da ruwan da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Kwana da kwanaki yana sauka, in ya ɗauke da safe ya dawo da rana. Kanal ta cika ta tumbatsa cikin gonaki. Ranar da abin ya faru ruwan ya ɗan tsagaita bayan azahar. Yarinyar tana kwance a sabon ɗakin da zazzaɓi. Inna ta fito karɓar kunun da na dama wa yarinyar. Kofin yana hannuna, ina miƙa mata, muka ji shi. Ba wata ƙara mai tsanani ba ce. Kamar an sauke buhunan shinkafa daga mota gaba ɗaya. Muka waiwaya, babu rufin.

Baba ya fito daga zaure ba hula ba takalmi. Bai yi salati da ƙarfi ba, bai kira kowa ba, ya faɗa kan ƙasar yana tonawa da hannu. Mutum na farko da ya shigo da fartanya shi ne magini. Suka yi ta tono kafaɗa da kafaɗa. Da aka kai gare ta, Baba ne ya ɗauko ta. Faratansa duk sun fita, jini yana bin lakar. Ya tsaya da ita a tsakar gida yana waige-waige, ya rasa wa zai miƙa wa. Sai ya zo gabana ya durƙusa. Suruki, a gaban matar ɗansa.

Mata suka riƙe ni suna cewa, "Daure, 'yar fari ce, kada ki ba da mu." Na daure. Na shiga ɗakin girki na cusa zani a baki.

A daminar nan ɗakuna da yawa sun faɗi a garinmu da ƙauyukan Bunkure, har da waɗanda ba a taɓa zana su a takarda ba. Ɗakin maginin kansa ya zube, Allah ya sa ba kowa a ciki. Da mutane suka fara cewa ai magini ya faɗa, shi ne ya tashi a ƙofar masallaci ya ce, "Kada wanda ya ƙara cewa na faɗa. Nawa ma ya faɗi, wa ya faɗa mini?" Har yau babu mai iya rantsuwa cewa da an bar bangon tsakiya da ɗakin ya tsaya. Na juya wannan tambaya a raina har na gaji da ita. Amma Baba bai taɓa tambaya ba. Shi ya yanke wa kansa hukunci tun ranar.

Bayan addu'ar bakwai ya tattara takardunsa duka, na shekara da shekaru, ya kai wa mai ƙosan bakin kasuwa. Aka yi makonni yaran gari suna cin ƙosai a cikin tagogi da ƙofofin gidanmu. Ɗalibaina suna shigowa aji da su, mai ya jiƙa su, sai in juya in fuskanci allo. Ya koma kwana a zaure. Maigidana ya so ya kwashe ƙasar kangon ya yi sabon gini, Baba ya ce, "Ba ina raye ba." Aka yi wa Inna ɗan ɗaki a wani gefen.

Na tafi gidanmu Kura na yi watanni. Da na dawo, gaisuwar ma ta gagara. In na durƙusa sai ya tashi ya fita kafin in buɗe baki. In na aika masa da tuwo, kwanon yakan dawo kusan yadda ya tafi. Ya daina zuwa ɗaurin aure da suna. Gona da masallaci kawai. Hularsa ta zauna ba fensir, ya rame har rigunansa suka yi masa yawa. Haka muka yi shekaru a gida ɗaya, kowa yana kauce wa inuwar kowa. A cikinsu na haifi wata 'yar. Da aka kai masa ita ya yi mata addu'a hannunsa a baya, ya ƙi ɗauka.

Bara, yana tsaye a bakin kanal yana jiran a sako ruwa, ya yanke jiki ya faɗi. Aka kawo shi a amalanke. Ɓarin damansa ya shanye, bakinsa ya karkace. Inna ta tsufa, ba ta iya ɗaga shi, maigidana kuma in bai je gona ba ba mu ci ba. Sai ba Baba abinci ya dawo kaina. Ranar farko da na shiga zauren da kunu, ya juyar da fuska bango. Na zauna. Kunun ya huce, na je na ɗumama na dawo. Da ya ga ba ni da niyyar tafiya sai ya buɗe baki.

Mun yi makonni a haka ba magana. Wata rana da hantsi, ina goge masa haɓa, na ji bakina ya ce, "Baba, ba ni labarinta."

Ya dube ni, karo na farko tun da aka kawo ni gidan.

Na ce, "Ni na haife ta, amma kai ka san ta. Ban san me take cewa ba in ta zauna. Ban san me yake ba ta dariya ba."

Ya daɗe yana kuka, irin kukan da rabin fuska kawai yake yi. Sannan ya fara, da harshensa mai nauyi, ina matsowa don in gane. Ya ce tana tsoron kwaɗi amma ba ta yarda a sani. Ya ce takan ɓoye masa ƙanzo a aljihu. Ya ce in na wuce zan tafi makaranta takan leƙa ta zaure ta ce masa, "Tsoho, ka ga Malamarmu? Ta fi kowa iya tafiya." Ya ce ta taɓa tambayarsa me ya sa ba na kiran sunanta, ya ce mata don sunan yana da tsada ne, ba a fitar da shi kullum.

Kullum in na kawo kunu sai ya ba ni guda. Wani lokaci ya maimaita wanda ya riga ya faɗa, ban taɓa ce masa na ji ba.

Da na ga ya ɗan samu ƙarfi, na yago takarda daga littafin makaranta na kawo masa da fensir. Ya janye hannu kamar na miƙo masa garwashi. Na ce, "Ɗakin nake so ka nuna mini. Ban taɓa shiga ba. Ina take kwanciya?" Ya karɓa da hagu. Layukan suna rawa, bango bai haɗu da bango ba. Ya nuna mini gadon Inna, da inda randa take, da tabarmar yarinyar a gindin taga. Ya ce nan ta zaɓa da kanta, saboda tana son kallon balbelu a cikin shinkafa. Da ya gama ya ajiye fensirin ya ce, "Malama, ki yafe mini."

Na ce, "Na yafe, Baba." Ban san ko zuciyata ta gama bin bakina a ranar ba. Amma ban yi ƙarya ba, kuma daga ranar ya riƙa cinye kununsa.

Kwanakinsa na ƙarshe hankalinsa yana zuwa yana tafiya. Safiyar da zai cika, ina zaune kusa da shi, Inna tana ta ɗaya gefen, maigidana ya tafi kiran liman. Sai ƙaramar 'yata ta shigo zauren tana neman ni. Baba ya buɗe ido ya gan ta. Ya yunƙura zai tashi, mutumin da ya yi wata da watanni bai iya juya kansa ba. Ya damƙi hannuna da hagunsa har na ji zafi.

"Ku fito da ita," ya ce. "Rufin nan ya sha ruwa. Ku fito da Amarya!"

Inna ta fashe da kuka. Na ɗaga ido na yi wa yarinyar alama ta fita, ta fita da gudu. Na sunkuya daidai kunnensa.

Na ce, "An fito da ita, Baba."

"An fito da ita?"

"An fito da ita. Ga ta can a waje tana wasa. Ba abin da ya same ta."

Ya kasa kunne yana saurare. Daga ƙofar gida ana jin muryar yara. Hannunsa ya sassauta a kan nawa, ya ce, "Alhamdu lillahi." Na fara yi masa kalmar shahada, ya bi ni a hankali har ƙarshe. Kafin liman ya iso ya riga ya tafi.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka da nauyin da ya ɗauka shi kaɗai. Ka sauke masa. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sa masa haske da iska a ciki, ka haɗa shi da jikarsa a inda ba abin da yake faɗuwa. Mu da muka rage, ka ba mu haƙuri, ka sa mu cika da imani. Amin.